Ƙafa a Kan Totur

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Yau ma na ji ta. Na idar da asuba ina zaune ban ko naɗe darduma ba, sai ga shi daga bayan gida: dugu-dugu-dugu, a hankali, irin yadda take yi in Yaya Abarshi ya tashe ta ya bar ta tana silo, inji na juyi a tsaye, shi kuma ya dawo shan kokonsa. Na fita ko takalmi ban sa ba. Taguwa, tsohuwar akori-kurarsa mai shan gas, tana nan inda take ƙarƙashin tamfol, kaza ma ta yi ƙwai a gindin tayar baya. Ko batir babu a cikinta, ni na cire shi da hannuna tun bara.

Zakiyya ta ce injin niƙan Malam Jaji ne. Matar nan tawa ba a tambayarta ta rasa amsa. To wane mai niƙa ne yake tashin inji kafin mata su gama surfe?

Laraba, 10 ga Satumba

Inna ta kira ni ɗakinta da hantsi. Na san abin da take so tun kafin in cire takalmi. "Salmanu, sake faɗa mini." Na zauna na sake faɗa mata, kamar karatun da aka haddace.

Kakar bara waccan Yaya ya ɗauko masara daga gonarmu ta wajen Kutemeshi. Mutanen daji suka tare shi a mashigin Rafin Maje. Washegari aka je aka tarar hularsa ta maƙale a wata saiwa a bakin ruwa, ita kuwa Taguwa tana can saman gangare, ta haye tsaf da lodinta, ta dafa goshi a jikin wata ɗorawa, ƙofar direba a buɗe, giya a ciki. Shi ba a gan shi ba, a raye ko akasin haka. Da yammacin ranar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, duk wani sawu ya wanke.

Sai in ce mata: Inna, ni direba ne. Mota ba ta hawa tudu da lodi sai da ƙafar mutum a kan totur. Da ka ɗaga ƙafa za ta yi tari ta mutu. Tunda ta hau, akwai wanda ya hau da ita, su kuwa mutanen a kan babura suke, babu wanda ya taɓa ta a cikinsu. Ke nan Yaya ya kuɓuce musu ya koma ciki, ya haye, ya dira ya faɗa daji. Wataƙila sun kama shi daga baya. Wataƙila yana wani wurin da ba waya. Mutum nawa aka fid da rai da su suka dawo?

Ta ce, "Haka ne." Ta miƙo mini ɓarin goro. Kullum a nan muke tsayawa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Kaduna da dawowa. Wata Hajiya a gidan gaba tun daga Buruku take salati, wai gudu nake. Na ce Hajiya, a hanyar nan mai gudu shi ke kwana gida. Golf ɗina dai in ka taka ta, amsawa take.

Da Yaya ya ji da ya yi mini dariya. Shi a wurinsa motar fetur doki ce, sai an zabure ta take nuna ƙarfi, ta gas kuwa bijimin huɗa, tun takun farko ƙarfinsa ya iso. Ni kuma in ce masa kafin bijiminka ya fita daga Magajin Gari ni na je Kaduna na dawo na yi wanka. A bayan bodin Taguwa ya sa aka rubuta "Sannu ba ta hana zuwa". Na taɓa ɗaukar gawayi na ƙarasa masa a ƙasa: sai dai a daɗe ba a je ba. Bai goge ba, sai da ruwan sama ya wanke.

Lahadi, 14 ga Satumba

Kawun Talatu, matar Yaya, ya zo da liman. Suka kuma taho da Ƙasimu, wanda yake zaune a saman lodi ranar da abin ya faru. Shi an tafi da shi daji, ya daɗe a can kafin Allah ya kuɓutar da shi, har yanzu in ya zauna ba ya juya wa ƙofa baya.

Ya sake ba da labarin kansa a sunkuye. A tsakiyar ruwa aka tare su. Aka jawo shi daga saman buhuna aka kifa shi a yashi, aka ɗaure masa ido da rigarsa. Ya ji an buɗe ƙofa, ya ji ana jan Yaya, ya ji Yaya yana cewa su bari ya kashe mota. Sai harbi ɗaya, da faɗuwar abu mai nauyi a ruwa.

Na ce, "Sannan me ka ji?" Na san amsar, shi ya sa na tambaya.

"Sannan na ji mota tana tafiya."

Na dubi liman na dubi kawu. To wa yake tuƙa ta, aljani? Kawu ya ce shi ba mota ta kawo shi ba. "Yarinyar nan ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Shekara biyu ke nan, Salmanu. Ku ji tsoron Allah." So suke mu yarda a je gaban alƙali da shaidar Ƙasimu, a yi wa Yaya addu'a da sadaka, Talatu ta shiga takaba ta fita ta san inda rayuwarta ta dosa. Duk suka zuba mini ido, tunda Baba ya rasu, Yaya ba ya nan, maganar gidan a bakina take.

Na ce ba zan yi wa mai rai sadaka ba. Liman ya shafa fatiha suka tashi, ruwan da aka kawo musu ko taɓawa ba su yi ba.

Talata, 16 ga Satumba

Talatu ta gaishe ni yau kamar yadda ake gaida baƙo. Da can "ƙaramin mijina" take ce mini, ta ɓoye mini nama a ƙasan tuwo, in ce miyarta ba gishiri ta biyo ni da muciya. Ban san ranar da wannan ya tsaya ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kira Talatu da Zakiyya ƙofar gida. Akwai ɗan hawan nan na bakin kwalbati, wanda ko jaki ba ya jin sa. Na sa Golf a giya ɗaya, na saki kuloci a hankali, na ɗauke ƙafa daga totur. Ta ɗan ja, ta yi kakari, ta mutu tun ba ta kai rabi ba. Na sake, ta sake mutuwa. Babu ko buhu ɗaya a cikinta fa.

Na fito ina karkaɗe hannu. Na ce to kun gani, gani ya kori ji.

Talatu ta gyara mayafi ta ce, "Ai ba da Golf ya tafi ba." Ta shige gida.

Mace da ko keke ba ta iya ba. Mota ai mota ce.

Asabar, 20 ga Satumba

Na kai Golf juyen mai garejin Micah. Abokin Yaya ne tun suna yara, duk wani noti da ke jikin Taguwa ya san hannunsa. Yau bai yi mini tsiyar da ya saba ba, sai ya ja ni ƙarƙashin dalbejiya ya ce Talatu ta zo wurinsa jiya. Da ƙafarta, har gareji. Tambaya ɗaya ta yi masa.

Ya ɗauko gajeren sifana ya ce in kwance notin wata taya da ke yashe a wurin. Na danna har jijiyar wuyana ta tashi, ko gezau. Ya zura wa sifanan dogon bututu ya tura da hannu ɗaya, noti ya juya.

"Ka gani ko? Ba sauri ne ya kwance shi ba, murɗa ce."

Wai haka injin gas yake. Fistin ɗinsa doguwar tafiya yake yi, yana matse iska har ta yi zafin da mai zai kama ba tare da fulogi ba, don haka kowane bugu ɗaya mai nauyi ne, tun yana silo ƙarfin murɗarsa ya riga ya zo. Na fetur bugunsa ba nauyi, yawan juyi ne ƙarfinsa, sai ka taka shi ya yi ihu kafin ya ja. Sannan wai a cikin famfon Taguwa akwai wani abu da suke ce wa gwamna: da inji ya ji nauyi yana shirin mutuwa, shi ke ƙara masa mai da kansa, ba ya jiran ƙafar kowa. In tana giya ɗaya, an kuma sa mata ƙaramar giyar nan ta shiga laka mai jan tayoyi huɗu, shi ke nan. Sitiyari kuwa, ramin da tayoyi suka haƙa a hanya shi zai riƙe shi.

"Za ta hau, Salmanu. Ko babu kowa a ciki za ta hau."

Na ce to me ya hana shi faɗa tun tuni? Ya ce ya ga ni da Inna a kan maganar muke tsaye, bai iya ba. "Amma ita ta dube ni ido da ido. Ba zan yi mata ƙarya ba."

Na faɗa masa maganganu. Na ce shi a ƙarƙashin mota ya ƙare, ni a kanta nake. Na ce in abokinsa ya dawo zan faɗa masa wanda ya fara haƙa masa kabari. Ya ci gaba da goge bututun da tsumma. Na ja motata ba a yi juyen ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ƙarya ne. Bakanike ai ba direba ba ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Sau uku na ji ta yau, kuma da rana tsaka. A bakin kasuwa, na waiga, mai niƙan barkono ne. A bayan asibiti, janareta. Na ukun ban ga komai ba, ina tsaye ne kawai a tasha ana lodi, ƙarar ta zo ta bayan kunnena ta wuce kamar an bi ta gefena da mota a hankali. Ashe garin nan cike yake da injin gas ban taɓa lura ba.

A tashar Kaduna na hango wani ta baya, tafiyar Yaya sak, kafaɗar hagu a ɗan karkace. Na bar fasinja na bi shi har bakin titi. Wani dattijo ne mai sayar da agogo. Ya ce, "Lafiya, samari?" Na ce lafiya, ƙarfe nawa? Da agogo a hannuna.

Tsoro nake ji. Ba na daji ba, wannan na saba da shi. Ban san sunan wannan ba.

Litinin, 29 ga Satumba

Na gaji da kallon da ake mini a gidan nan. Na tara su a ɗakin Inna na ce da an cire masara zan kai Taguwa Rafin Maje, a yi mata lodi irin na ranar, in tsaya tsakiyar ruwa in ɗauke ƙafata. In ta mutu, kada wanda ya ƙara tayar mini da maganar sadaka, ko kawu ne ko liman.

Talatu ta ce, "In ta hau fa?"

Na ce ba za ta hau ba.

"Na ji. In ta hau fa?"

Inna tana ta jan carbi ba ta ɗago ba. Na ce in ta hau, ni zan je in kira liman da ƙafata. Talatu ta ce Allah ya kai mu. Ban taɓa jin an faɗi wannan addu'ar da irin muryar nan ba, ban gane me take fata ba. Ina jin ita ma ba ta gane ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ban aika masa ba, Zakiyya ce ina jin. Da safe sai ga Micah da batir a kan babur da jarkar gas. Muka gaisa sama-sama, ba wanda ya ɗauko zancen ranar. Muka yaye tamfol. Ɓeraye sun ci kujera, zanzaro ya yi gida a jikin madubi. Ya zubar da tsohon mai, ya wanke tanki, ya yi ta famfo da hannu yana fitar da iska daga bututu har azahar.

Na buɗe ƙofar direba don in share, sai ga silifas ɗinsa a ƙarƙashin kujera, an jera su kusa da juna. Yaya ba ya tuƙi da takalmi, wai sai tafin ƙafarsa ya ji motar. Duk tsawon lokacin nan suna wurin, ban taɓa leƙawa ba. Ke nan ba takalmi ya shiga dajin. To wa zai tsaya neman takalmi ana harbi? Na mayar da su yadda na same su.

Micah ya murɗa makulli. Ta yi tari biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama. Dugu-dugu-dugu. Wannan karon kowa ya ji. Inna ta fito daga ɗaki ba ɗankwali, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni, ta zo har bakin zaure tana duba wanda ke cikin motar. Ta ga Micah ne. Ta tsaya kaɗan ta ce masa sannu da aiki, ta koma. Talatu ba ta fito ba, amma dakan da take yi ya tsaya.

Talata, 7 ga Oktoba

Mun fita gwaji ta hanyar fadama. Motar nan nauyin jini gare ta, ka taka ta sai ta yi tunani kafin ta amsa. A wani taɓo ta ɗan nutse, ni kuwa da ƙafar fetur na danna totur har ƙasa. Tayoyi suka yi ta juyi suna watsa laka, tana ƙara nutsewa. Micah ya ce, "Ɗaga ƙafarka. Ɗaga gaba ɗaya." Na ɗaga don in nuna masa za ta mutu. Ta yi shiru-shiru, ta daddafa, ta fito.

Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Wannan dai fili ne, kuma babu lodi. Gangaren Maje daban ne, mutum ma da ƙafa sai ya dafa gwiwa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

An gama ɓarar masara, tana buhuna a gona. Hanya ta ɗan lafa kwanakin nan, mutane suna shiga suna fita, sai dai kowa ido a bayan kai. Jibi ne.

Zakiyya ta ce in ina so in fasa, ba wanda zai ce mini komai. Na ce wa ya gaya mata ina so in fasa? Ta ce babu, tuwon da na bari ne ya gaya mata.

Inna ba ta kira ni in sake faɗa mata ba tun ranar da aka tashi motar. Yau na shiga da kaina na zauna ina jira. Ta tambaye ni kuɗin mota zuwa Zariya, ta tambaye ni ko an sami ruwa a Kaduna. Na tashi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ta hau.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Jiya ban iya ba. Bari in rubuta yau ko ya fita daga kaina.

Mu uku muka je, ni da Micah da Ƙasimu. Ƙasimu shi ya jera buhunan, ya ce haka suke a ranar, har sun ɗan fi bodi. Da muka doso rafin ya ce a sauke shi, ba zai shiga ruwan a mota ba. Ya tsaya can baya yana rungume da hannuwansa. Wurin shiru, ko tsuntsu babu, ruwan bai kai gwiwa ba. Rana tana sama amma ni sanyi nake ji.

Na cire takalmi. Ban san dalili ba, na dai cire na ajiye kusa da nasa. Na sa ƙaramar giya, na sa ɗaya, na shiga har tsakiya na taka kuloci na tsaya. Ƙasimu ya ɗaga murya daga baya ya ce a nan ne, daidai nan. Micah ya shiga ruwa ya ɗauki ƙaton dutse, in ta mutu ta yi baya ya sa wa taya.

Na dubi gangaren. Daga ƙasa kamar bango yake. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce ko tirakta ce sai an taka ta.

Na zare ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, yadda za ta zame in an fizgi mutum. Na naɗe ƙafafuna biyu a kan kujera. Na saki sitiyari.

Ta zabura kaɗan, ta fara tafiya. Ta fita daga ruwa. Ta sa goshi a gangaren, na ji nauyin masara ya koma baya, muryarta ta fara sauka: dugu, dugu, dugu, tsakanin kowane bugu har mutum zai iya yin numfashi. Tunda na fara tuƙi ban taɓa roƙon Allah mota ta mutu mini ba sai jiya. A fili nake faɗa, ya Allah ta mutu, ya Allah ta mutu. A tsakiyar hawan ta yi wani rawar jiki, komai ya tsaya, na ce alhamdu lillahi.

Sai na ji ta ja numfashi. Ba ni ba ne, ƙafafuna suna kan kujera, ina kallon totur ɗin ba abin da ya taɓa shi. Muryarta ta yi kauri, hayaƙi ya turnuƙe ta madubi, ta ci gaba. Sitiyari yana juyawa shi kaɗai, dama kaɗan, hagu kaɗan, yana bin ramin hanya kamar akwai hannu a kai. Micah yana tafe a gefe da dutsensa, ko sauri ba ya yi, tafiyarsu ɗaya da ita.

Ta haye. A sama inda ramin ya ƙare ta karkata dama da kanta ta nufi ɗorawar. Tabon yana nan a jikin itacen, ɓawon ya warke ya bar shaidar bamba. Na bar ta har sai da ya rage kaɗan sannan na sauke ƙafa na taka birki na kashe ta.

Na daɗe a ciki. Abin da ke yawo a kaina shi ne, haka ta taho ranar, a hankali, ƙofa a buɗe tana lilo, shi kuwa yana baya a cikin ruwa. Shekara biyu ina ganinsa a kujerar nan yana haye gangaren, har gumin goshinsa nake gani. Ashe kujerar ba kowa.

Micah ya ajiye dutsen ya zo ya jingina da bodi ya juya mini baya. Kafaɗunsa suna motsi. Ƙasimu ya hauro da ƙafa, ya ce, "Wallahi ƙarar ke nan. Ita na ji." Na ce na sani, Ƙasimu, ka yi haƙuri. Na sauka na koma bakin ruwan na wanke fuskata, na daɗe ina wankewa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Shekaranjiya da muka dawo ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba. Aka sauke masara. Inna ta dubi lakar da ke jikin tayoyi ta ce in je in ci abinci.

Yau da safe na tsaya a ƙofar ɗakin Talatu na yi sallama. Ta fito da tsintsiya a hannu. Na miƙa mata silifas ɗin. Ta karɓa ta dube su, ta ce, "Na gode, ƙanin miji." Ta shiga ciki. Can sai kuka ya tashi, irin wanda ake yi in an fito da makara. Tun da abin ya faru ban taɓa jin ta yi shi da murya ba, ashe mu muka hana ta. Maƙwabta suka yi ta shigowa da gudu suna tambayar wa ya rasu.

Inna ce ta amsa musu daga bakin ƙofarta. "Abarshi ne."

Na je na kira liman. Da ƙafa na je, kamar yadda na ce.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An gama da wurin alƙali, an yi addu'a ranar Juma'a. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, har daga Kutemeshi. Gumbar ba ta isa ba sai da aka ƙara daka. Micah ya zauna a waje tun safe har aka watse, shi ya kwashe tabarmi. Talatu ta cire 'yan kunne, kawunta ya ce ta yi takabar a ɗakinta, Inna ma haka ta so.

Golf na gareji, juyen man da ba a yi ba tun watan Satumba. Na ce Micah kada ya yi sauri. Akwai masu masara a hanyar Kutemeshi da ke neman mota, ba kowa ke yarda ya shiga ba, na yi musu sahu biyu da Taguwa. Don kada batirin ya kwanta ne kawai. Rubutun bayan bodin ya koɗe, na sa an bi shi da fenti, rabin nan dai nasa, ban ƙarasa ba.

A Maje ina ɗaga ƙafa in bar ta ta hau. Ta fi ni sanin wurin.

Da asuba na ji ƙarar. Zakiyya ta dube ni tana jira in tashi. Na ci gaba da lazimina. Injin Malam Jaji ne, ashe da wuri yake farawa lokacin kaka. Yaya ma ya sha faɗa mini mutumin nan ba ya barci, Allah ya jiƙansa.